Wuri, Takarda da Jar Fata: Kasuwarmu da Turai Kafin Zuwan Nasara

Iyayenmu dattawan Kanan-Bakashe, malamai, ɗalibai, ƴan'uwa maza da mata.

In an zo tarihin Turai tsakanin 1500 da 1800, sarakuna da yaƙe-yaƙe ake jera wa yaranmu a makaranta. Sai yaro ya tashi da zaton babu abin da ya haɗa mu da mutanen can, sai ranar da ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya bi ƙasar nan yana ƙona garuruwa a 1899. Ni kuwa ina so in nuna muku cewa haja ta riga soja isowa da nisa.

Tun 1550 aka buga littafin Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a birnin Banis na Italiya. A ciki mai karatu ya ji sunan Katsina da Kano da Zamfara, ya kuma ji cewa a Gobir akwai masu ɗinkin takalma da ake kai hajarsu Tambutu da Gawo. Fatar jar akuyarmu ma ta ƙetare Sahara, wani kaso nata ya ƙare a bangon littattafan Turawa, suna ce mata fatar Maroko don ta can ta biyo.

Su ma sun aiko mana. Wanda ke da tsohon Alƙur'ani rubutun hannu a gida, ya ɗaga warƙa ɗaya ga hasken rana. Mai yiwuwa ya ga jinjirin wata uku a jikin takardar. Tambarin masu yin takarda ne na yankin Banis. Da tsumma suke yin ta, raƙuma su ɗauko ta daga Tarabulus.

Amma wuri ne ya fi tsaya mini a rai. A tsibiran Maldib na tekun Indiya ake tsamo shi. Jiragen kamfanonin Holan da Ingila su zuba shi a gindin jirgi don ya ba shi nauyi, su sauke a Amsterdam da Landan, daga nan a sake lodinsa zuwa gaɓar tekun Afirka ta Yamma, irin su Wida, a sayi mutane da shi. Mutane fa, jama'a, masu uwa da uba, aka kai su gonakin rake na ƙetaren teku don Bature ya sa sukari a shayinsa. Wurin kuma ya yi ta hawowa arewa ta ƙasar Yarbawa da Nufe. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Ya zauna daram, har a wancan zamani da shi ake biyan sadaki, da shi ake sayen fura. A Janairun 1851, nan Tasawa kusa da mu, Bature matafiyi Heinrich Barth ya ga an zauna ana ƙirga wuri 500,000 da hannu, biyar-biyar, domin namu ba a shirya shi a zare.

Ke nan ɗan dako a tashar jirgin Amsterdam da mai tallan fura a Tasawa kuɗi ɗaya ya ratsa hannunsu, a tsakaninsu kuma akwai ɗan Adam da aka sayar. Kada kuma mu jibga laifin duka a kan mutanen bakin teku. A kasuwannin Katsina da Kano, da wannan wurin ake yi wa bawa kuɗi, har farkon ƙarni na 20.