JUYEN BAƘIN MAI A GIDA: Jawabi ga Hakimai da Magatakardansu

An shirya wannan jawabi ne domin hakimai da magatakardansu, musamman na ƙasar Gezawa da maƙwabtanta, watau Minjibir da Gabasawa da Warawa. Maganar kuwa a kan motar a-kori-kura ce, da yadda za a yi mata juyen baƙin mai a gida, a kan kari, ba tare da an yi wa inji ko rijiya lahani ba.

DALILIN WANNAN JAWABI

Kowa ya san ƙasar Gezawa ƙasa ce mai yawan jama'a, gona na jingine da gona, ba a barin ko ɗaya ta huta. A da jakuna ne ke ɗauko taki daga birnin Kano. Yau yawancin aikin nan ya koma kan a-kori-kura. Ita ke kai kayan miya kasuwar 'Yankaba, ta kai hatsi Dawanau, in dare ya yi kuma mace ta kasa haihuwa a Babawa ko Tumbau, ita za a nema. Tun da a ka buɗe ma'aikatar haɗa motocin Peugeot a Kaduna cikin 1975 irin motar nan ta yawaita a karkara, daga baya kuma Toyota Hilux ta biyo.

Hakimi ya san doki. Ya san wanda ya bar dokinsa ba harawa, ba kanwa, ran hawa zai ji kunya. To, mota haka ta ke, abincin injinta kuwa shi ne baƙin mai.

AIKIN BAƘIN MAI

Cikin inji ƙarfe ne ke gudu a kan ƙarfe, yana juyawa sau dubbai cikin minti guda. Mai shi ke shiga tsakaninsu ya hana su cin juna, ya rage zafi, ya kuma kwashe dauɗa ya kai ta ga filta, watau matacin mai. Sannu a hankali zafi ya kan ƙone ƙarfin man, matacin kuma ya cika. Ƙurar hunturu da rairayin hanyoyin ƙauye su ne manyan abokan gābansa, gama in sun shiga sai su riƙa goge ƙarfe kamar dutsen wāshi. In an ƙyale, wata rana inji ya buga, kuɗin gyaransa kuwa ya ninka kuɗin juye sau da yawa. Rigakafi ya fi magani.

Littafin da ya zo da mota shi ne alƙali. Amma ga motar da ke aikin ƙura da kaya masu nauyi, ƙa'idar da ta fi kyau ita ce kilomita 5,000, watau kamar mil 3,000, ko wata 6, duk wanda ya riga zuwa. Motar da ke yin kilomita 60 kullum za ta cika wannan kafin wata 3. Kada a dogara ga launin mai, domin na injin dizal ya kan yi baƙi tun cikin kwanakin farko alhali da sauran ƙarfinsa.

SAYEN MAI DA FILTA

A jikin kowace jarka akwai lamba, kamar 20W-50 ko 15W-40, ita ke nuna kaurin man. Akwai kuma alamar API: in harafin da ke biye da ita S ne, na fetur ne, in C ne, na dizal. Tsohuwar Peugeot 504 tana shan wajen lita 4, Hilux mai dizal kuwa wajen lita 7. A sayi mai a jarkar da ba a fasa hatiminta ba. Man da a ke aunawa a kwalba a bakin hanya ba wanda ya san asalinsa, wani ma tsohon mai ne a ka tace. Araha ba ta ado. In za a je Ƙofar Ruwa sayen filta, a rubuta lambar tsohuwar a tafi da ita.

YADDA A KE JUYEN

Kayan aiki su ne sifana daidai da notin, da daro mai faɗi, da mazurari, da tsumma mai tsabta, da sabon wasa na noti.

Da fari a tsai da mota a wuri mai shimfiɗa, inda iska ba ta kwaso rairayi. A bar inji ya yi aiki kamar minti 5 don man ya saki jiki, sa'an nan a kashe, a zare mabuɗi. A ja birkin hannu, a tokare tayoyi da dutse ko gungume. A-kori-kura tana da tsayi, galibi mutum ya kan shiga ƙarƙashinta ba sai an ɗaga ba. In tilas sai an ɗaga, faufau kada kowa ya shiga alhali jak kaɗai ke riƙe da ita.

Na biyu, a buɗe murfin zuba mai na bisa, a ajiye daro, a kwance notin da ke ƙarƙashin kaskon inji, ana murɗawa hagu. A lura ƙwarai, akwatin giya ma yana da nasa noti a kusa, wanda ya kwance shi bisa kuskure ya ɗauko wata hasara. A kau da hannu, gama man yana da zafi. A bar shi ya tsiyaye kamar minti 10, a sa sabon wasa, a mai da noti a ɗaure ba da ƙarfin tsiya ba, don kada zarensa ya lalace.

Na uku, a kwance tsohuwar filta, a tabbata robar bakinta ta fito tare da ita. In ta maƙale a ka ɗora sabuwa a kanta, man zai zube a hanya. A shafa ɗan sabon mai a robar sabuwar, a murɗa da hannu kawai, in ta taɓa jikin inji a ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye ɗaya.

Na huɗu, a zuba sabon mai ta mazurari, a rufe, a ta da inji. Jar fitilar mai ta kan mutu cikin 'yan daƙiƙu. In ba ta mutu ba a kashe nan da nan. A leƙa ƙasa ko akwai yoyo. A kashe inji, a jira minti 5, a zaro geji a goge, a mayar a sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamu biyu, kada ya haura, domin in ya yi yawa kumfa ya ke yi. A kuma kakkaɓe matacin iska, ko a sake shi in ya toshe.

In tsohon mai ya fito fari-fari kamar koko, ruwa ke shiga. In yana ƙyalli da garin ƙarfe, inji ya fara ci. Waɗannan biyu sun wuce aikin gida, sai bakanike.

TSOHON MAI

A nan ne nauyin hakimi ya fi yawa. Ƙasar nan jigawa ce, tana shanye abin da a ka zuba mata, rijiya kuwa tana ƙofar gida. Tsohon mai kaɗan ya isa ya ɓata ruwan unguwa, ya kashe shuka a inda ya malala. Yana ɗauke da guba, yawan taɓa shi kuma yana jawo ciwon daji na fata. Saboda haka kada a zuba shi a gona, ko kududdufi, ko juji inda a ke tara taki. Kada a shafa wa gyambon jaki ko na mutum. A ɗura shi a jarka, a rufe, a nisanta da yara, a kai wa masu juye da ke tara shi. Ya kamata dagatai da masu unguwa su isar da wannan ga talakawa.

LITTAFIN MOTA

Sauran aiki na magatakarda ne. Direba ya kan manta, wani ya bar aiki wani ya zo, amma rubutu ba ya mantuwa. A keɓe wa kowace mota littafi, a rubuta ranar juye, da lambar da agogon tafiya ya nuna, da irin mai, da yawan lita, da sunan wanda ya yi aikin, da lokacin juye na gaba. In agogon ya mutu a bi lissafin watanni. Ya fi kyau a daidaita juye ɗaya gab da kaka, kafin jigilar amfanin gona ta kankama, wani kuma bayan hunturu ya wuce. Hakimi ya riƙa neman littafin nan yana dubawa ƙarshen kowane wata, yadda ya ke duba sauran littattafan ofishinsa.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba da damina mai albarka, amin.