Tabarau Mai Kai Mutum Mashaya Yana Zaune a Asibiti: Sabuwar Dabarar Yaƙi da Jarabar Giya



Mai girma shugaban taro, iyayenmu sarakuna da hakimai, malamanmu, shugabannin wannan ƙungiya tamu, 'yan'uwa maza da mata da kuka baro Kano da Kaduna da Abuja da Legas da sauran birane don halartar taron bana, muna yi muku barka da zuwa, da fatan kun iso lafiya, kun kuma baro iyali lafiya.

Batun da za mu yi magana a kansa yau batu ne da muka saba rufe shi da tabarmar kunya, wato shan giya da jarabarsa. Za mu duba wata dabara da likitoci a wasu ƙasashe suke gwadawa don auna wannan ciwo da kuma magance shi, sa'an nan mu ga darasin da ke cikinta gare mu, ko da na'urar ba ta taɓa shigowa garinmu ba.

Da farko mu san girman matsalar. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2024 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a duniya, miliyan 2 daga cikinsu maza ne. Rahoton ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 400 suna fama da matsalar shan giya, kuma miliyan 209 daga cikinsu ta riga ta kama su, ba sa iya rayuwa sai da ita. Kada wani ya ce wannan lissafin Turawa ne. Duk wanda ke zaune a birni ya san unguwannin da ake sayar da ita, ya kuma san 'yan ƙananan ledojin nan masu arha da ɗan makaranta ke iya ɓoyewa a aljihu, waɗanda hukumar NAFDAC ta tashi yaƙi da su a shekarar 2024.

Tambayar da ta daɗe tana damun likitoci ita ce, me ya sa mutum zai kwanta asibiti, a wanke masa jiki, ya yi rantsuwa ya bari har abada, amma kafin wata uku ya koma ruwa? Waɗanda suka ratsa kwalejin horon malamai za su tuna da Ivan Pavlov, masanin nan na ƙasar Rasha, wanda ya riƙa sa karnukansa su ji wani sauti duk lokacin da za a ba su abinci. Da tafiya ta yi tafiya, sai ya zama sautin kaɗai ya isa ya sa su dalalar da miyau, ko babu abinci. Kowane malamin firamare ya ga irin wannan, domin da an kaɗa ƙararrawar tara-da-rabi cikin yaro ke fara kuka. To haka ƙwaƙwalwar mashayi take. Shekara da shekaru ta haɗa giya da wani lungu, da wani kiɗa, da ƙamshin gasasshen nama, da fuskar wani aboki, da ranar da albashi ke shiga, har ma da ɓacin rai bayan sa-in-sa da iyali. Da ya ci karo da ɗaya daga cikinsu, sai ƙawar giya ta taso masa tun kafin ya yi shawara da zuciyarsa. Gaskiyar Bahaushe da ya ce sabo turken wawa.

A nan ne wahalar likita take. Ɗakin asibiti tsaf yake, babu kwalba, babu kiɗa, babu aboki. Akwai wasu tambayoyi goma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, ana kiransu AUDIT, waɗanda ake yi wa mutum don a gane zurfin shansa, kuma suna da amfani ƙwarai. Amma amsar tana ga bakin majiyyaci. Wani kunya ke sa shi ya rage, wani kuwa da gaskiyarsa yake cewa ba ya jin komai, domin a wannan ɗaki lallai ba ya ji. Likita kuma ba zai ɗauki majiyyacinsa ya kai shi mashaya don ya gwada shi ba.

Abin da ake kira duniyar kwaikwayo shi ne ya buɗe wata ƙofa. Wani irin tabarau ne mai kauri da ake ɗaura wa mutum ya rufe idanunsa, a cikinsa akwai ƙananan allunan hoto, a kunne kuma akwai abin jin sauti. Kwamfuta ce ke zana wurin, kuma idan mutum ya waiga dama ko hagu hoton yana juyawa tare da shi, har ya ji kamar yana tsaye a cikin wurin. Tun a shekarar 1995 wata masaniya mai suna Barbara Rothbaum ta Jami'ar Emory a Amurka, tare da abokan aikinta, suka nuna cewa ana iya rage wa mutane tsoron hawa wuri mai bisa ta wannan hanya. Daga nan masu binciken shaye-shaye suka ce, idan na'urar tana iya tayar da tsoro, me zai hana ta tayar da ƙawa?

A shekarar 2008 Patrick Bordnick na Jami'ar Houston a Amurka ya wallafa sakamakon gwajin da suka yi da mashaya 40. An shigar da su wuraren kwaikwayo irin su mashaya da gidan walima, har da wata na'ura mai feso ƙamshin abin da mutum ya saba sha. Sakamakon ya nuna ƙawarsu ta tashi sosai a waɗannan wurare fiye da yadda ta kasance a wuraren da babu alamar giya. Ma'anar wannan ita ce likita ya samu ma'auni. Yana iya ganin wane wuri ne ya fi rinjayar wannan majiyyaci, cikin jama'a ne ko cikin kaɗaici, da murna ne ko da ɓacin rai. A birnin Barcelona na ƙasar Sifaniya ma an ƙera wata manhaja mai suna ALCO-VR, wadda ke da gidan abinci da mashaya da ɗakin gida, majiyyaci ya zaɓi irin abin shan da ya saba, a auna ƙawarsa da fargabarsa a kowane wuri.

Wannan ke nan game da aunawa. Ta fuskar magani kuwa, hanya biyu ake bi. Ta farko ita ce a riƙa maimaita shigar da mutum wurin, ƙawa ta taso, ba a ba shi komai ba, ya zauna da ita har ta lafa da kanta. Sannu a hankali ƙwaƙwalwa takan koyi cewa ganin kwalba ba dole ne ya kai ga sha ba. Ta biyu ita ce atisaye. Wani mutum na kwaikwayo zai miƙo masa kofi yana lallashinsa, shi kuma ya koyi cewa a'a, ya koyi daidaita numfashinsa, ya koyi tashi ya bar wurin, likita na gefensa yana gyara masa. Mu malaman makaranta mun san amfanin jarrabawar gwaji kafin ta ƙarshe. Yaron da ya faɗi a gwaji yana da damar gyara, ba a kuma fafe gora ranar tafiya.

A shekarar 2015 likitocin Asibitin Jami'ar Chung-Ang da ke birnin Seoul na Koriya ta Kudu, ƙarƙashin Dakta Doug Hyun Han, suka wallafa wani gwaji da majiyyata 12. Bayan mako guda ana raba jikinsu da giya, an yi musu zama 10, sau biyu a mako, tsawon mako biyar. A kowane zama ana fara nuna musu wuri mai kwantar da hankali, sa'an nan gidan abinci inda mutane ke sha, daga ƙarshe kuma a nuna musu mashaya suna amai da galabaita. Hoton ƙwaƙwalwa da aka ɗauka kafin jinya da bayanta ya nuna cewa sashen da ke da alaƙa da sha'awa da motsin rai ya rage zafin aikinsa.

Amma fa kada zumuɗi ya kwashe mu. Mutum 12 ko 40 ba su isa a yanke hukunci a kan miliyoyi ba, kuma raguwar ƙawa a cikin tabarau daban take da barin giya na shekaru. Tun a shekarar 2002 wasu masana biyu, Conklin da Tiffany, suka tattara gwaje-gwajen da aka yi na nuna wa majiyyata abin da ke tayar musu da ƙawa, suka ga sakamakon ba ya tsayawa a wuri ɗaya, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne abin da aka koya a asibiti yakan warware idan mutum ya koma inda ya saba. Wannan giɓi ne ake fata na'urar ta cike, tunda tana kawo titi cikin asibiti. Ban da haka, tabaraun yakan sa wasu jiri da tashin zuciya. Kuma tayar wa mutum ƙawa ba tare da ƙwararre a kusa ba tamkar hura wuta ne a tafi a bar ta. Saboda haka, duk da yanzu ana samun irin wannan tabarau a kasuwa, musamman bayan kamfanin Facebook ya sayi kamfanin Oculus a shekarar 2014 aka shiga ƙera shi da yawa, ba abin da za a saya a gwada wa ɗan'uwa a gida ba ne. Ƙari ne a kan jinyar da aka sani, wato shawarwarin ƙwararru da magunguna irin su naltrexone da acamprosate.

Akwai kuma gargaɗin da muke so kowa ya riƙe. Wanda giya ta kama sosai, idan ya daina farat ɗaya, yana iya shiga karkarwa da farfaɗiya da gane-gane, har ta kai ga rasa rai. Don haka kulle shi a ɗaki ko ɗaure shi da mari ganganci ne. Asibiti za a kai shi, kuma muna da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, ban da sassan da ke asibitocin koyarwa.

To, ina darasinmu? Abin da waɗannan masana suka kashe kuɗi da shekaru suka tabbatar shi ne cewa jaraba tana da gida, tana da abokai, tana da lokacinta. Iyayenmu sun faɗa tun tuni cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Idan ɗan'uwanmu ya fito daga jinya muka mayar da shi ɗakin nan dai, da majalisar nan dai, da zaman banzan nan dai, to mun mayar da shi bakin rijiya ne muna yi masa faɗa kada ya faɗa. Abin da na'ura ke yi wa likita, mu ma muna iya yin irinsa da kunnuwanmu. Mu zauna da shi cikin mutunci mu tambaye shi, wane wuri ne, wane lokaci ne, wane mutum ne ke tayar maka da ita? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sa'an nan mu taimaka masa ya sauya hanya, ya sauya majalisa, ya samu sana'ar da za ta cika masa yammacinsa, wani ya kasance tare da shi ranar albashi da ranar biki.

Muna kira ga rassanmu na birane da kowanne ya ware dattawa biyu ko uku masu riƙon sirri, waɗanda uba ko mata za su iya tunkara ba tare da tsoron tonon asiri ba, waɗanda kuma suka san ƙofar asibitin da ya dace. 'Ya'yanmu da suka karanci likitanci da kwamfuta su ma su sa ido a kan wannan fanni, domin mashayar Houston ba ta yi kama da lungunan da yaranmu ke shiga ba, kuma duk ranar da za a yi amfani da na'urar a nan, sai an zana mata wurarenmu da harshenmu. Idan kuma wanda ya bari ya sake zamewa, kada mu ce ya lalace, mu kama hannunsa mu koma wurin likita. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.