Ƙasusuwan Gadufawa da kwana shidan halitta



Ran Lahadi yaro yana jin Littafin Farawa a coci: kwana shida aka yi halitta. Abokinsa musulmi ma adadin da ya karanta ke nan. Ran Litinin mushe, wato malaminsu na makaranta, ya ce musu ƙasusuwan dabbobin da aka tono a Gadufawa, cikin Tenere, sun haura shekara miliyan 100. Ƙasusuwan kuwa gaskiya ne; Philippe Taquet ya tono su tun shekarun 1960, kuma wanda ya shiga gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai ya ga irinsu da idonsa.

Ina roƙon iyaye kada su ce wa yaro mushe maƙaryaci ne. Littafin Farawa da kansa ya ce sai a kwana na huɗu aka yi rana. To, da me aka auna ukun farko? Augustine, malamin kirista na ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya yi wannan tambayar shekara 1,600 da suka wuce.

Inda ake jan daga shi ne asalin Adamu, musamman tun da aka gano ƙoƙon kan wata halitta mai kama da mutum, da aka sa wa suna Tumai, a Chadi a 2001, mai kusan shekara miliyan 7. Nan fastoci da malamai har yau ba su zama baki ɗaya ba.