Jawabi ga Ɗaliban Ungozoma a Ranar Yaye Su, Ɗambatta



Tun da na ajiye aikin jinya, sana'ata ta koma zagayen asibitoci, shugabanni su kira ni in taya su gano abin da ke hana ƙananan ma'aikata buɗe baki. Kusan ko'ina amsar ɗaya nake ji: "Wace ce ni da zan gyara wa likita?" ko kuwa "Hajiya, ina tsoron a ce na cika iyayi."

Mu a nan an raine mu da kunya da kawaici, an ce mana bin na gaba bin Allah. Tarbiyya ce mai kyau, ba ni da ja. Amma ɗakin haihuwa wuri ne da mai jego za ta iya tafiya cikin 'yan sa'o'i idan jini ya ɓalle, kuma wadda ke fara gani ita ce ta bakin gado, wato ke. Malamanku sun koya muku cewa jinin da ya wuce rabin lita bayan haihuwa abin ɗaga murya ne. Saninsa ba wuya. Wuyar tana ga faɗarsa da ƙarfe uku na dare, ga babba ya gaji, ya ɗaure fuska.

Wata malamar jami'ar Harvard a Amurka, Amy Edmondson, ta yi bincike a asibitoci, ta wallafa shi a 1996. Ta zaci ɗakunan da ma'aikata ke zaman lafiya da shugabanninsu za su fi ƙarancin kuskuren magani, sai ta tarar a can aka fi rubuta kuskure. Da ta bi diddigi, ashe su ba sa ɓoyewa ne, sauran kuwa tsoro ya sa suna binnewa. Daga nan ta mayar da wannan batu aikin rayuwarta, har kamfanoni da asibitoci ke gayyatarta.

A gida ma muna da abin koyi. A Yulin 2014, Dakta Stella Adadevoh ta ƙi sallamar Patrick Sawyer, wani majinyaci mai ɗauke da cutar Ebola, daga asibiti a Legas, duk da matsin da aka yi mata don ya halarci taron ECOWAS a Kalaba. Cutar Ebola ta tsaya a kan mutum 20 a ƙasar nan, 8 suka rasu, har da ita kanta.

To, 'ya'yana, ba cewa na yi ku yi tsiwa ba. Ki gaisa, ki faɗi abin da idonki ya gani, ki kawo adadi: "Ranka ya daɗe, jininta ya sauka, bugun zuciya ya hau, don Allah a sake dubawa." In an share ki, maimaita. In an sake sharewa, nemi na gaba da shi, ki kuma rubuta a fayil da lokacin.

Amma kaso mafi tsoka na shugabanni ne, likitoci da manyan nas-nas da ke zaune a gaba. Yarinyar da kuka dizga a gaban majinyata yau, gobe ko ta ga wuta ba za ta ce uffan ba. Ina roƙonku, waɗannan yara in sun zo hannunku, ku riƙa tambayarsu me suka gani, wadda ta kawo rahoton kuskure ku ce mata madalla kafin ku yi gyara.

Allah ya sanya albarka a hannuwanku, ya mayar da kowa gida lafiya.