Wasiyya Tana Kotu, Damina Ta Ƙarato



Da yawa cikinmu nan Tsiga suna tsammani da zarar an karanta wasiyya bayan jana'iza, magana ta ƙare. Ba haka ba ne. Sai sashen tabbatar da wasiyya na Babbar Kotun Jiha ya duba ta, ya ba da takarda, kafin banki ya saki ko kwabo. In marigayi bai bar wasiyya ba, takardar izinin kula da gado za a nema. Ko da sunanka ya rubuta a banki a matsayin ɗan'uwa mafi kusa, wannan ba zai buɗe maka asusu ba. Masu riƙe kuɗin fansho na tsarin da aka kawo a 2004 su ma waɗannan takardu suke tambaya.

Jinkirin yakan fara daga gida. Ba a karɓo shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ba, ba a lissafa dukiya ba, ba a tanadi kuɗin da kotu ke yankewa bisa ƙimar gadon ba. In kuwa wani cikin dangi ya shigar da ƙorafi, komai ya tsaya sai alƙali ya saurare shi.

To, damina ba ta jiran kotu, nan ne abin ya fi damuna. Gonar da aka bari ba shuka, maƙwabci zai fara cin iyakarta. Mafi muni, ƙanen marigayi ya jinginar da ita da sunan neman kuɗin lauya, gwauruwa da marayu su shiga kaka rumbu babu masara.

Saboda haka, dattawa, kada ku jira a kira ku. Tun kafin ruwan shuka, ku zaunar da iyalin a rubuta: wa zai noma bana, yaya za a raba amfani, rabon gwauruwa a fara cirewa. A rubuta ƙarara cewa noma ba mallaka ba ne, babu sayarwa, babu jingina sai kotu ta gama. Mai unguwa ya sa hannu, kowane ɗaki ya riƙe kwafi.

Kai kuma da aka ɗora wa zartar da wasiyya, ka riƙa zuwa kotu da ƙafarka, ka san lambar fayil, duk abin da ka biya ka karɓi rasit, ka nuna wa iyalin.