Ko Mai Hankali Zai Gaskata Mu'ujiza?



A shekara ta 1748 wani masani na ƙasar Sikotlan, David Hume, ya rubuta cewa bai kamata mai hankali ya gaskata labarin mu'ujiza ba. Ga hujjarsa: kullum mutane suna ƙarya, suna ruɗewa, amma matattu ba su saba tashi ba. Don haka, in ji shi, zargin mashaidi ya fi kusa da hankali.

Kada mu raina wannan magana, gama Toma ma ya yi shakka. Sai mu auna mashaidan tashin Ubangijinmu yadda alƙali yake yi. Maƙaryaci riba yake nema. Wace riba manzanni suka samu? Bulala da kurkuku. Hirudus ya kashe Yaƙub da takobi. Ko sun ruɗe ne? Bulus ya ambaci mashaida fiye da 500, yawancinsu kuwa suna da rai sa'ad da ya rubuta, ana iya tambayarsu.

Waɗansunmu an kore su daga gida sabili da sunan Yesu, mun san tsadar shaida. Bari mu amsa wa mai shakka da hujja da tawali'u. Ubangiji ya ƙarfafa mu. Amin.