Gashi Ba Wuta Ba Ne: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai

 

An ce in yi magana kan aikin gwamnati, amma ku gafarce ni, labarin yayata da ke aure a Zurmi zan ba ku.

A 2022 cikinta ya fara kumbura, ta ci loma biyu ta ƙoshi, ga ciwon mara da yawan fitsari. Wata shida muna jiƙe-jiƙe, don mun taso muna jin cewa daji ba ya son allura. Da muka kai ta asibiti a Gusau, aka ce ciwon daji ne na ƙwan mace. Aka yi mata aiki, sannan aka yi mata ƙarin ruwan maganin daji sau shida, duk bayan mako uku.

Ba a cika wata biyar ba ciwon ya dawo, da zubar jini. Likita ya bayyana mana cewa idan ya dawo kafin wata shida, wannan maganin ba kasafai yake sake tasiri ba. Ya ba da shawarar gashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato. Ya kuma faɗa mana gaskiya: gashin ba zai warkar da ita ba, amma zai rage zafi ya tsayar da jinin.

Inna ta ce: "Ɗan nan, ƙona min 'ya za ku yi?" Sai da na kwana uku ina roƙonta. Jama'a, babu wuta a ciki. Haske ne mai ƙarfi da na'ura ke aunawa daidai inda ƙarin yake. Mintoci kaɗan ne, sau goma cikin mako biyu. Ta sha gajiya da gudawa, amma jinin ya tsaya. Ta koma ɗakinta, ta yi azumin ƙarshe cikin 'ya'yanta, tana barci ba kuka. Allah ya jiƙanta.

Roƙona biyu ne. Mace ta yi mako uku da irin waɗannan alamu, a kai ta asibiti. Sannan mu buɗe asusu, domin kuɗin mota da masauki daga Ƙaura, Shinkafi ko Zurmi zuwa Sakkwato su ke mayar da talaka gida. Na fara da rabin albashina na wannan wata.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalam.